Rasuwar Injiniya Christiana Dominic Ishaya, da Roƙonmu a kan Jakar Dawar Bako

Cikin alhini mai nauyi da karyewar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki wanda ba a tambayar Sa dalili, Gamayyar Manoma da Masu Adana Iri ta Babban Birnin Tarayya, a madadin Kwamitin Amintattu, Majalisar Zartarwa, shugabannin rassanmu na Kwali, Kuje, Abaji da Gwagwalada, da ɗaukacin mambobinmu maza da mata, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar iyaye, tana sanar da jama'a cewa labari marar daɗi ya iske ta na rasuwar Shugabar Sashen Kwamfuta da Musayar Bayanai ta wannan Gamayya, 'yar'uwarmu kuma 'yarmu, Injiniya Misis Christiana Dominic Ishaya, wadda Ubangiji Ya karɓi ranta da yammacin ranar Talata, uku ga watan Disamba, 2024, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya.

Marigayiyar ta rasu ne sanadiyyar haɗarin mota a kan babbar hanya tsakanin Kwali da Gwagwalada, a lokacin da take dawowa daga ƙauyen Tungar Madaki inda ta je aikin Gamayya, bayan da tayar wata babbar mota da ke gabansu ta fashe, motar ta karkato ta danne gefen da take zaune. Bayin Allah da ke wurin sun yi iya ƙoƙarinsu suka fito da ita, aka garzaya da ita asibiti a Gwagwalada, amma rai bai kai ƙofar asibitin ba. Direbanmu, Malam Jonah, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar Gamayya ba tare da ya taɓa goge ko bangon gida ba, yana kwance da karaya biyu, kuma muna roƙon jama'a su sa shi cikin addu'a, domin har yanzu da ya farfaɗo tambayar da yake yi ita ce ina Madam. Ta rasu ta bar mijinta, Mista Dominic Ishaya, da 'ya'ya mata biyu, Treasure da Gift, da mahaifiyarta da ke da rai, da 'yan'uwa da dama.

Ya wajaba in gaya wa jama'a wace ce muka rasa, domin mutane da yawa sun san muryarta a waya amma ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Lokacin da Injiniya Christiana ta zo mana, shekara tara da suka wuce, wannan Gamayya ba ta da abin da za ta nuna sai ɗaki biyu a Lugbe, da tsohuwar mota ɗaya, da buhunan iri, da wasu littattafan rubutu guda goma sha huɗu waɗanda gara ta riga ta cinye ukunsu. Sauran bayanin yana cikin kaina. Ni Sidi Bawa, wanda ya fara da dakon buhu a tashar Jabi kafin Allah Ya buɗa masa, ban wuce aji uku na sakandare ba kuma ban taɓa ɓoye wannan ga kowa ba, amma a wancan lokacin idan ka ɗebo mini ƙwayar dawa a tafin hannu zan gaya maka ƙauyen da ta fito da sunan mai gonar, kuma ina alfahari da hakan har gobe. Shi ya sa da Kwamiti ya ce a ɗauko mai ilimin kwamfuta, ni ne na fi kowa ja. A ranar da aka yi mata tambayoyi na ce da ita mu nan aikin fartanya muke yi, ba aikin danna madanni ba. Ba ta yi musu da ni ba. Sai ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da doya iri biyar, ta jera su a kan tebur ta faɗi sunan kowacce da Gbagyi da Hausa, sannan ta ce da ni, da ladabi amma tana murmushi: "Oga Alhaji, na ji an ce komai yana kanka. To ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, rabin irin Kwali ya kwanta ke nan." A gaban Kwamiti ta faɗi haka. Na ɗauke ta aiki a ranar.

Abin da ta yi mana a cikin shekara tara, ba zan iya ƙirga shi a takarda ɗaya ba, amma zan faɗi babbansa. Akwai manyan cibiyoyin binciken aikin gona na ƙasa da ƙasa, wasu a nan Afirka, wasu a ƙetaren teku, waɗanda kowacce take da ɗakin sanyi inda ake ajiye samfurin iri daga ko'ina a duniya, kuma suke da rumbun bayanai guda ɗaya a intanet da suke zuba abin da suka gano domin kowa ya ɗiba. Mu ba mu san da wannan ba. Mun ɗauka abu ne na furofesoshi. Injiniya Christiana ce ta rubuta wasiƙu, ta yi ta bi har wata goma sha tara, ana ce mata ƙungiyar manoma ba ta da hurumin shiga, tana sake rubutawa, har aka buɗe wa Gamayya ƙofa a cikin wannan rumbu, muka zama muna iya ɗauka kuma muna iya zubawa. Daga ɗakinmu biyu na Lugbe, da hasken rana a kan rufi da wata na'urar sabis da take ɗaurewa a jikin taga da igiyar roba, ta riƙa zama taro ta bidiyo kowane wata da masana daga cibiyoyi bakwai, kuma ni da kaina na sha zama a bayanta ina ji ana kiran sunan Kwali a bakin mutanen da ba su san inda Najeriya ta fuskanta ba.

Shekarar da tsutsa ta shigo wa masara, manomanmu suna ta zuba magani barkatai, wasu har da garin sabulu da kananzir, ita ce ta shiga rumbun nan ta ciro abin da masu bincike na wasu ƙasashe suka riga suka gwada, ta tace shi daga Turanci mai wuya zuwa magana ta minti biyu, ta ɗauki muryarta da Hausa da Gbagyi, ta nemi masu Bassa da Ganagana suka ɗauki tasu, aka tura wa manoma fiye da dubu uku ta waya. Wanda ba shi da babbar waya, sai a kunna masa a bakin coci ko a ƙofar masallaci bayan an idar. Tun daga lokacin ya zama al'ada, duk ranar Litinin akwai saƙon Madam Kwamfuta, kamar yadda tsofaffi suke kiran ta. Litinin ɗin da ta gabata ma ta tura, a kan yadda za a shanya dawa kafin a zuba a rumbu. Shi ne na ƙarshe.

Amma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne kada hanyar ta zama ta zuwa kawai babu komawa. Takan ce idan mu kullum karɓa muke yi, to almajirai ne ba abokan aiki ba, alhali tsohuwar da ta shekara hamsin tana zaɓen iri ta san abin da babu shi a kowane littafi. Saboda haka ta bi ƙauye ƙauye, da damina da rani, tana rubuta sunan iri yadda masu shi suke kiran sa, da irin ƙasar da yake so, da abin da yake jurewa, tana ɗaukar hoto tana zubawa a rumbun. Kuma ta yi tsayin daka cewa kowane bayani sai an sa sunan manomin da ya bayar. An taɓa rubuto mata daga wata cibiya cewa gurbin sunan manomi ba dole ba ne, ana iya barin sa fayau. Ta amsa musu cewa idan gurbin sunan Dakta dole ne, to na manomi ma dole ne. Na ga wasiƙar da idona, Sakatariyar Gamayya Hajiya Halimat ta fassara mini ita kalma bayan kalma, kuma na sa an manna ta a bangon ofis.

Yanzu zan zo kan abin da Kwamiti ya shawarce ni in bari sai bayan jana'iza, ni kuma na ce a'a, domin lokaci ba zai jira jana'iza ba, kuma domin ba zan iya tsayawa a gaban mijinta da 'ya'yanta in karɓi gaisuwa ina riƙe da shi a ciki ba. Jama'a suna da haƙƙin sanin abin da ya kai ta Tungar Madaki ranar Talata.

A watan Agustan shekarar da ta gabata, Injiniya Christiana ta ɗauki hutun mako uku domin jinyar mahaifiyarta. Tana can sai saƙo ya zo daga cibiyoyin nan cewa suna gyaran rumbunsu, suna so kowace ƙungiya ta sake aiko da jerin sunayen irin yankinta a cikin kwana goma, domin a daidaita su da samfurin da ke ajiye a ɗakunan sanyi. Hajiya Halimat ta ce a kira Madam. Na ce kada a dame ta, ai sunayen nan ni na san su tun kafin a haife ta. Ta ce to a bari ta dawo a nemi ƙarin lokaci. Na ce Gamayyar da nake shugabanta ba ta neman ƙarin lokaci a wurin kowa. Na zauna da wayata na buga sunaye ɗari biyu da goma sha huɗu da yatsana, kwana biyu ina yi, na tura, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai.

Wayata ba ta da haruffa masu ƙugiya, wato irin su ƙ da ɗ da ɓ, kuma ban taɓa damuwa da su ba. Duk tsawon rayuwata haka nake rubutu, a takardar kaya, a saƙon waya, a ko'ina, kuma babu Bahaushen da ya taɓa kasa gane ni, domin mai jin Hausa yana gane baki daga baƙi ta wurin zancen da ke gaba da baya. Abin da ban sani ba shi ne kwamfuta ba ta jin Hausa. Abin da aka buga shi take gani.

A yankin Kwali akwai dawa iri biyu da sunansu ya yi kusa. Ɗaya ita ce dawar baƙo, wato wadda malaman gona suka kawo daga waje shekaru da dama da suka wuce, mutane suka sa mata wannan suna saboda baƙuwa ce, kuma tana ko'ina, ko a kasuwa za ka samu. Ɗayar ita ce dawar Bako, ta gidan marigayi tsoho Bako na Tungar Madaki, wadda ya gada daga iyayensa, gajeriya mai lanƙwasasshen wuya da jar ƙwaya mai tauri, wadda duk manomin yankin ya san cewa ko gona ta cika da wuta-wuta, wannan muguwar ciyawa mai jan fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa, ita sai ta fitar da kai. Tun tsohon yana da rai wasu masu bincike suka karɓi samfurinta suka kai ɗakin sanyi a ƙetare, kuma tana can. Ni kuma na buga su biyun iri ɗaya, harafi bayan harafi, babu ƙugiya babu babban baƙi. Kwamfutar cibiyar ta ga suna ɗaya, yanki ɗaya, amfanin gona ɗaya, sai ta yanke cewa abu ɗaya ne aka ajiye sau biyu, ta haɗe su ta bar ta baƙo.

Ga inda haɗarin yake, kamar yadda marigayiyar ta yi mini bayani har na gane. Iri ko a cikin sanyi ba ya zama har abada. Bayan wasu shekaru sai an fito da shi an shuka an girbe sabo an mayar, in ba haka ba ƙwayar ta mutu a cikin kwalba. Wanda kuwa aka yi wa alamar maimaici ba a sake shuka shi, domin ana ganin akwai ɗan'uwansa. Samfurin tsoho Bako ya tsufa, lokacin sabunta shi ya yi, kuma an cire shi daga layi saboda abin da na buga.

Da ta dawo daga jinya ta duba jerin, ta gano wurare goma sha ɗaya da na yi irin wannan ɓarna. Ba ta kai ni gaban Kwamiti ba. A rahotonta ta rubuta cewa kuskure ne daga ofis, kuma da wani mamba ya matsa yana so a faɗi sunan wanda ya yi, ta ce ofis ɗin nata ne, a tambaye ta. Ina zaune a kujerar shugaba a ranar, na ji, na bar ta ta ɗauki laifina. Sai bayan taro ta karɓi wayata ta sa mini madanni mai ƙugiya, ta miƙo mini ta ce: "Oga, ga su nan na sa maka. Ba sa cizo." Iyakar abin da ta taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan.

Goma daga ciki ta gyara su da wasiƙa. Ta goma sha ɗayan, wato dawar Bako, cibiyar ta ce wasiƙa ba ta isa ba tunda an riga an haɗe, kuma ba na ganin laifinsu, ƙa'idar aikinsu ke nan. Suka ce sai an aiko da sabuwar ƙwaya daga gonar gidan Bako domin su gwada ta da wadda ke hannunsu su tabbatar ba ɗaya suke da ta baƙo ba, tare da takardar shaida daga mai gonar, kuma ya isa gare su kafin ranar Juma'a, ashirin ga wannan wata na Disamba, ranar da za su rufe jerin abin da za su shuka. Bara ba a samu ba, domin Mama Rita Bako, matar marigayin, wadda ita kaɗai ta rage tana shuka wannan dawa, ta yi rashin lafiya ba ta yi noma ba. Gonar gidan kuma tuni aka yanka ta fulotai, gine-gine sun hau. Bana a wani ɗan fili bayan coci ta shuka abin da ya rage mata a ƙoƙo, tsuntsaye suka yi mata ɓarna, abin da ta girbe mai kyau zangarniya tara ce kacal. Injiniya Christiana ta jira wannan girbi wata goma sha biyar. Ranar Talata ta je, Mama Rita ta ba ta shida ta riƙe uku, ta dangwala yatsa a takarda, suka ci abinci tare, ta kamo hanya da wuri domin ta kai kayan ofishin binciken tsirrai a samu izinin fitarwa.

Wannan ita ce tafiyar da ta rasu a cikinta. Na san ajali idan ya zo babu mai tare shi, kuma malamai da fastoci duk sun gaya mini haka tun shekaranjiya, na gode musu. Amma ina so a rubuta, kuma ga shi na rubuta da sunana, cewa kuskuren ba na ofis ba ne, nawa ne, ni Sidi Bawa Dangara, kuma girman kaina ne ya jawo shi, kuma ta rufa mini asiri fiye da shekara guda ban ce mata ko sannu ba.

Ga Mista Dominic Ishaya, mijinta, wanda ya haƙura da rashin ganin matarsa ranakun Asabar da yawa saboda aikin manoman da bai ma san su ba, ga Treasure da Gift, ga Mama mahaifiyarta da ta ga abin da kowace uwa take roƙon Allah kada ta gani, ga dattawan zuriyar Ishaya, ga Mai Girma Rabaran da dattawan ikilisiya da ƙungiyar zumuntar mata ta cocinsu da ke Lugbe, ga Masu Daraja sarakuna da dagatai da masu unguwanni na yankin Kwali da suka buɗe mata ƙofofinsu, da kuma abokan aikinta Daktoci da Furofesoshi na cibiyoyin ƙasa da ƙasa waɗanda saƙonninsu suke ta shigowa, wannan Gamayya tana miƙa ta'aziyyarta da zuciya ɗaya. Mista Dominic, na zo gidanka ranar Laraba na kasa faɗa maka wannan da baki, shi ya sa ka same shi a rubuce. Ban nemi ka yafe mini yanzu ba. Treasure da Gift, ku sani cewa akwai sunayen manoma fiye da ɗari takwas a cikin rumbun da duniya take dubawa, kuma mahaifiyarku ce ta sa kowane ɗaya da hannunta.

Iyali sun sanar da mu cewa za a yi taron waƙoƙi da addu'a a gidansu da ke Lugbe ranar Juma'a, goma sha uku ga wata, da ƙarfe huɗu na yamma, sannan sujadar jana'iza da binnewa ranar Asabar, goma sha huɗu ga wata, da ƙarfe goma na safe a mahaifarta da ke Kwali. Ofishin Gamayya zai kasance a buɗe domin karɓar gaisuwa, an ajiye littafin ta'aziyya a kan teburinta, kuma ana umartar dukkan shugabannin rassa su halarta tare da mambobinsu.

Sai roƙonmu ga jama'a, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, a tasha, a kasuwar Kwali, a majami'u da masallatan da ke bakin hanyar.

Da aka kwashe kayan da ke cikin motar, an samu wayarta da takalminta da jakar hannunta, amma ba a samu jakar aikinta ba. Koriyar jaka ce ta goyo, zif ɗin gaba ya lalace an ɗaure shi da baƙin zare. A ciki akwai kwamfutar hannu mai tsagewa a kusurwa, da littafin rubutu, da takarda mai dangwalen yatsa, da zangarniyar dawa shida a naɗe cikin tsohon zani mai ruwan ɗorawa. Ba mu ce an sace ba. Mun san a irin wannan wuri mutum yakan ɗauki kaya domin ya adana, daga baya ya rasa wanda zai ba, ko ya ji tsoron kada a ce da shi wani abu. Ina ba da tabbaci da sunana da mutuncina cewa duk wanda ya kawo, babu mai tambayar sa ko sunansa, kuma babu maganar hukuma. Yana iya ajiyewa a ofishinmu na Lugbe, ko a wurin shugaban reshenmu na Kwali, ko a hannun kowane limami ko fasto ya ce a kira mu. Idan ma kwamfutar ce ta shiga ransa, ya riƙe ta, na yafe masa a madadin Gamayya, domin marigayiyar ba ta taɓa barin aiki ya kwana a cikin na'ura ɗaya ba, komai nata yana cikin rumbun intanet, hotunan da ta ɗauka ranar Talata ma ta tura su tun tana ƙauyen. Takardar shaida kuma ana iya sake ta. Abu ɗaya ne ba a iya turawa ta waya, shi ne ƙwayar. Don girman Allah kada a sussuke ta, kada a watsa wa kaji, kada a jiƙa ta a yi kunu. Ko mudu ɗaya ba za ta cika ba, ba za ta ƙosar da kowa ba.

Jiya Laraba da rana, bayan na fito daga gidan makoki, na tafi Tungar Madaki da kaina domin kada Mama Rita ta ji labarin a bakin hanya. Ta riga ta ji. Da na gaya mata maganar jaka, da kuma wanda ya yi kuskuren tun farko, sai ta tashi da sandarta ta shiga ɗakin girki, ta sauko da zangarniya ukun da ta rataye a saman murhu domin hayaƙi ya kare su daga ƙwari, irin da za ta shuka baɗi ke nan, ta ajiye a gabana a kan tabarma. Ta ce yarinyar nan ta ce mata abin na gaggawa ne, to in ɗauka. Na kasa miƙa hannu. Na roƙe ta ta mayar da su inda suke.

Amma ba zan yaudari jama'a ba. Izinin fitarwa da aikawa suna cin kwana huɗu ko da komai ya tafi daidai, kuma masana sun gaya mana cewa abin da gwajin yake buƙata ba zai yi ƙasa da zangarniya ukun nan gaba ɗaya ba. Saboda haka Majalisar Zartarwa ta zauna yau ta yanke cewa za mu jira jakar har zuwa safiyar Litinin, goma sha shida ga wata, kwana biyu bayan mun binne ta. Idan ta fito, shidan za su tafi, ukun su zauna a saman murhun Mama Rita. Idan ba ta fito ba, ni zan koma Tungar Madaki, ba zan aiki kowa ba, in durƙusa in karɓi ukun daga hannun tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, in aika da su ƙetare. Ma'anar wannan ita ce damina mai zuwa babu gona ko ɗaya a ƙasar Kwali da za a shuka dawar Bako, ko ƙwayar irinta ma ba za ta rage a ƙoƙon kowa ba, abin da babu tsohon da ya taɓa gani, kuma babu wanda ya ba mu tabbacin cewa samfurin da ke cikin sanyi zai tsiro idan an shuka, ko Mama Rita za ta kai ranar da za a dawo mana da shi. Wanda jakar nan take ɗakinsa yana da kwana goma sha ɗaya.

Allah Ya ba Injiniya Christiana hutawa, Ya saka mata da alherin da ta yi wa talakawan da ba su da abin biyan ta. Allah Ya ba mijinta da 'ya'yanta da mahaifiyarta ƙarfin zuciya da haƙurin ɗaukar wannan rashi, Ya raya Treasure da Gift, Ya tashi kafaɗun Malam Jonah, Ya taɓa zuciyar wanda jakar take hannunsa. Amin.

Sa hannu:

Alhaji Sidi Bawa Dangara
Garkuwan Manoma
Shugaba kuma Kakakin Gamayyar Manoma da Masu Adana Iri ta Babban Birnin Tarayya
Lugbe, Abuja
Alhamis, 5 ga Disamba, 2024